Kafin a Sauke Inji

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin direbobi da masu gareji, tun daga Samaru har Sabon Gari, har ba mai tambayar hujjarta: in motar gas ta daina ja, to inji ya gaji. Daga nan hukunci biyu ne, ko a sauke shi a canza ringi, ko a nemo ɗan Beljiyam a ɗora. Na ji ta a bakin yara masu koyon aiki, na kuma ji ta a bakin dattawan da suka fara riƙe sifana tun ban san hannun damana ba. Saboda waɗannan dattawan ne na daɗe ina jan ƙafa kan rubutun nan, don wanda ya shekara arba'in a ƙarƙashin mota ba a yi masa gyara da gatse. Duk da haka maganar tana da gyara, kuma abin da take yashewa daga aljihun mutane ya isa a tsaya a dube ta.

Kawuna manomi ne a Bomo. Yana da tsohuwar Hilux mai shan gas, irin mai tobo ɗin nan, da ita yake kwashe masara daga gona, da ita yake kaiwa kasuwar Giwa, wani lokaci har Dawanau. Wata shekara bayan kaka, hazo ya sauka sosai, sai motar ta fara sanyi. A shimfiɗaɗɗen titi ba laifi, amma da an zo ɗan hawa da kaya, ko ya take totur har ƙasa sai dai ta yi ta gurnani tana tura baƙin hayaƙi, masu Keke Napep suna wuce shi. A hawan gadar Kwangila, a cewarsa, har sai da ya koma giya ta biyu yana salati. Ya kai ta wani gareji a Sabon Gari. Mai garejin ya sa aka tayar, ya karkata kunne, ya zagaya baya ya kalli hayaƙi, ya ce, "Alhaji, injin nan ya yi maka ƙoƙari. Sai dai a sauke." Ya faɗi kuɗin da sai an sayar da rabin masarar bana kafin a haɗa.

Ni na matsa wa Kawu mu ƙara jin bakin wani. Muka je wurin wani dattijon bakanike a Samaru, wanda garejinsa bai wuce inuwar bishiyar maina da akwatin ƙarfe ɗaya ba. Bai fara da motar ba, da Kawu ya fara.

"Alhaji, da asuba cikin sanyin nan, murɗa nawa take tashi?"

"Murɗa ɗaya."

"Baƙin mai fa? Kana ƙari kafin lokacin juye ya yi?"

"Ko cokali."

Ya gyaɗa kai. Ya sa yaronsa ya tayar da mota, ya kwance murfin da ake zuba baƙin mai, ya aza shi a bakin ramin ba tare da ya ɗaure ba. Murfin ya ɗan yi rawa saboda girgizar inji, amma bai tashi ba, ba kuma wani hayaƙi da ke busowa daga ciki. Ya ce a kashe. Ya zaro filtar iska ya buga ta a jikin taya, sai ga jar ƙura ta zubo kamar an zazzage buhun garin dawa. Sannan ya bi katon tiyon da ke kai iska daga tobo zuwa inji, yana shafawa da tafin hannu ta ƙasa inda ido ba ya gani, har ya tsaya a wani wuri ya ciro hannu da danƙon mai. Tsaga ce a gindin kilip, ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba. In mota tana tsaye ba ka ganinta, sai tobo ya cika tiyon da iska take buɗe baki. Filta sabuwa, tiyo ɗaya, da filtar mai da ya ce a canza tunda an zo. Kafin la'asar mun koma Bomo.

Labari ɗaya ba ya zama hujja, na sani. Hujjar tana cikin yadda injin gas yake aiki. Shi ba ya da fulogin da ke ba da tartsatsi kamar na fetur. Tun wanda Rudolf Diesel ya tayar a garin Augsburg na Jamus a 1897, dabarar ɗaya ce: fistin ya matse iska zalla sau 16 zuwa 22, gwargwadon irin injin, har zafinta ya haura digiri 500, sai nozul ta fesa mai a ciki ya kama da kansa. Wannan matsin shi ne ran inji, kuma ringi da bangon silinda da bawul su ne ke riƙe shi. In sun cinye, lokacin da za a fara ganewa shi ne lokacin da ƙarfe yake da sanyi, batir kuma yana juya inji a hankali, wato da asubar hunturu. A lokacin ne iskar ke samun damar sulalewa ta gefen ringi, zafin ya kasa kaiwa, mota ta yi ta tari tana fitar da farin hayaƙi mai yaji a ido kafin ta kama. Injin da ya gaji da gaske a nan yake fara tona kansa. Sannan zai riƙa shan baƙin mai, hayaƙinsa ya yi shuɗi-shuɗi, in ka buɗe murfin mai ya riƙa huci kamar tukunyar dambu. Motar da ke tashi murɗa ɗaya cikin sanyin Janairu, ba ta shan mai, ba ta huci, da wuya ƙwarai a ce ringinta ne ya hana ta hawa gada. Tambayoyi biyun da dattijon ya yi wa Kawu ke nan, kuma ba su ci ko sisi ba.

To me ke hana ta ja? Mafi yawan lokaci numfashi. Kafin lita ɗaya ta gas ta ƙone sarai, sai ta sami iskar da ta kai lita 10,000, kuma a aikace injin gas yana son fiye da haka. Duk wannan iska ta cikin takarda ɗaya take bi. Mu kuwa daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na arewacin Chadi muke shaƙa, ga ta hanyoyin gona, ga ƙaiƙayin casa. Lissafin kilomitan da kamfani ya rubuta na canza filta, ba da hanyar Bomo cikin hazo aka yi shi ba. In iska ta yi kaɗan mai ya yi yawa, abin da bai ƙone ba shi ne baƙin hayaƙin nan. Saboda haka baƙin hayaƙi ba shaidar tsufa ba ce, shaidar rashin daidaito ce tsakanin mai da iska, kuma abin da ya kamata a fara tuhuma shi ne filta, da tiyo, da tobo, sannan nozul mai ɗiga.

A nan ne ƙanwar waccan magana take shigowa, wato "a buɗe mata fam". Mota ba ta ja, sai a murɗa sukurun fam a ƙara mata mai. Za ta ɗan yi zafin nama na kwana biyu, mai ita ya ji daɗi. Amma mutumin da aka toshe wa hanci ba tuwo yake buƙata a ƙara masa ba. Man da ya yi yawa yana ƙara zafi a kan fistin da tobo, yana wanke baƙin man da ke jikin silinda, yana gangarawa ya sirka na ƙasa. A haka ake kashe injin da lafiyarsa ƙalau, bayan wata shida a ce, ai dama mun faɗa ya gaji. Ga kuma tsada. Tun 2022, da litar gas ta tashi daga wajen naira 300 ta haura 700 cikin 'yan watanni, duk hayaƙin da ke fita ta salansa kuɗi ne tsaba.

In kuwa mota ta yi sanyi ba tare da hayaƙi ba, tana tafiya sai ta riƙa shaƙewa in an matsa mata, ta dawo daidai in an sassauta, sai a juya wajen mai. Wanda ya taɓa sayen gas a jarka wurin 'yan bumburutu, ko daga durom ɗin da ya kwana a waje da damina, ya san ba mai kaɗai yake zubawa a tanki ba. Ruwa ya fi gas nauyi, sai ya kwanta a ƙasa, a tsakaninsu kuma wani baƙin kauci yake tsirowa mai toshe rariyar tanki da filta. Akwai ɗan sukuru a gindin filtar mai na yawancin motocin nan, don tsiyaye ruwa aka yi shi, amma na san direbobin da suka shekara biyar da mota ba su taɓa murɗa shi ba. Tiyon mai da ya tsage yana zuƙar iska, shi ma yana kashe ƙarfi. Har murfin tanki, in ƙofar numfashinsa ta toshe, sai mota ta yi tafiyar rabin awa ta fara shaƙewa, in an buɗe murfin a ji ya ja iska fuu. A shekarun da kananzir ke da tallafi ya fi gas araha, an sha sirka su, kuma kananzir ba shi da santsin da fam da nozul suke dogara da shi, sai su cinye a hankali. Wannan ɓarna ce ta gaske, amma a fam da nozul take. Gyaranta a kan teburin mai gwajin nozul yake, ba sai an taɓa fistin ba.

Yanzu bari in ba masu waccan magana haƙƙinsu, don ba daga sama ta faɗo ba. Dattawanmu sun koyi aiki a kan Marsandi 911, da Bedford, da tsofaffin Land Rover da taraktoci. Injinan nan ba tobo a mafi yawansu, ba wayoyi, ba ƙwaƙwalwa. Abubuwan da za su iya hana su ja ba su da yawa, direban kansa ya san ya duba filta kafin ya zo gareji, don haka in har babbar mota ta iso hannun bakanike tana kasala, sau da yawa da gaske ta ci ƙasa ta gaji. A zamaninsu maganar ta fi kusa da gaskiya. Kuma akwai abin da ke ƙara mata ƙarfi har yau, wanda nake roƙon masu sana'ar su yi nazarinsa da zuciya ɗaya. In an sauke inji aka mayar, ba ringi kaɗai ake canzawa ba. Ana sa sabuwar filtar iska da ta mai, ana wanke bututun shigar iska, ana kai nozul gwaji, ana sake saita lokacin fam, duk tiyon da aka cire ana mayar da shi a ɗaure tamau, wanda ya tsage a yar. Mota ta fito tana ja kamar doki, sai kowa ya yaba wa ringi. Wa ya tabbatar ba ɗaya daga cikin ƙananan nan ne ya yi aikin ba? Da an sauke injin Kawu, da motar ta warke, da ni kaina na shiga sahun masu ba da shaida. An bar jaki ana dukan taiki, sai dai a wannan karon dukan yana biyan buƙata, shi ya sa ba a gane ba.

Motocin da ke shigo mana yanzu kuwa wata duniya ce. Tun 1997, da aka fara sa tsarin bututun mai na bai-ɗaya a ƙaramar mota ƙirar Alfa Romeo 156, matsin da ake fesa mai da shi ya ninka iskar tayar mota sau 500 ko fiye, ta ramukan da ba su wuce kaurin gashin kai biyu ba. Ƙwayar yashi ɗaya ko ɗigon ruwa ya isa ya ɓata su. Nan ma gargaɗi: kada wanda ya sa hannu yana laluben yoyo a waɗannan bututun ƙarfe inji yana aiki, man yana iya huda fata. Irin waɗannan motoci ƙwaƙwalwa ce ke ba da mai, gwargwadon abin da na'urorin awo suka gaya mata. In na'urar auna iska ta yi datti ta ce iska kaɗan ce, ƙwaƙwalwa za ta rage mai. In ta ga abin da ya tsorata ta, da gangan take danne ƙarfin motar don kare inji, ta bar ka da abin da zai kai ka gida. Alamar wannan a fili take: mota tana cikin gudu sai ƙarfi ya ɗauke lokaci guda, wuta ta kama a dashbod, ka kashe ka tayar, ƙarfi ya dawo. Ringin da ya cinye ba ya warkewa don an murɗa makulli.

Sai batun shara. 'Yan Beljiyam ɗin nan an ƙera su ne don dokokin hayaƙi na Turai. Suna da bawul mai mayar da wani kaso na hayaƙi cikin inji, kuma waɗanda aka yi daga wajajen 2009 suna da matatar toka a cikin salansa, irin wadda Peugeot ta fara sa wa 607 a shekarar 2000. An yi su ne don man da farar wutar da ke cikinsa ba ta wuce kashi 10 cikin miliyan ba. Mu kuwa mun daɗe dokarmu tana halatta har kashi 3,000. Sai a 2016, bayan rahoton wata ƙungiyar Suwizalan mai suna Public Eye kan ƙazamin man da ake kawowa Afirka, Nijeriya da Gana da Benin da Togo da Kwaddibuwa suka amince a sauko zuwa 50. Motar da ta shekara da shekaru tana shan wancan man na 3,000, tana kuma yini tsakanin Samaru da PZ a cunkoso, za ka tarar da bututun shigar iskarta ya cushe da baƙin danƙo har ramin da ya rage bai fi a zura yatsa biyu ba. Matatar salansa kuwa ba ta ƙone tokarta sai hayaƙi ya yi zafin digiri 600 ko kusa, abin da ke buƙatar doguwar tafiya ba tsayawa, kamar daga Zariya zuwa Kaduna. In ta toshe, inji ba ya iya fitar da numfashi, balle ya ja sabo. Wasu fasa ta suke yi su huta. Mota takan sami sauƙi, amma tokar da aka tsare a huhun yaran unguwa take ƙarewa, kuma in ba a daidaita ƙwaƙwalwar ba matsalar dawowa take.

Kada kuma a ɗauka ina cewa mai kwamfuta ya fi mai kunne. Na ga matasa da na'ura a hannu suna karanto lamba, su ce a sayo na'urar awo sabuwa, alhali ɓera ne ya ci waya, ko tiyo ne ya huje. Kwamfuta tana faɗin inda ƙwaƙwalwa ta ji ciwo, ba ta faɗin abin da ya jawo shi. Da za a jona ta a motar Kawu, iyakarta ta ce iskar tobo ta yi ƙasa, wani ya ce a sayi tobo. Hannun dattijon nan ne ya gano tsagar. Abin da nake ƙi shi ne yanke hukunci kafin awo, ko da kunne aka yanke shi ko da allo.

Wani lokaci ma laifin ba a ƙarƙashin bonet yake ba. Kulocin da ya cinye yana sa inji ya yi ta ihu mota ba ta gaba. Birkin da ya riƙe, taɓa wili bayan tafiya ka ji zafi. Sai lodi, wanda ba mai son a ambata: motar da aka yi don tan ɗaya, an ɗora mata buhu goma sha biyar da mutum shida a sama. Ko tudun ƙasarmu yana da nasa kaso, don Zariya ta haura mita 600 daga teku, kuma injin da ba shi da tobo yana rasa kusan kashi 3 cikin ɗari a duk mita 300. Motar da ba ta da tobo da aka gwada a Legas ba za ta taɓa ja daidai haka a nan ba, musamman da zafin Afrilu.

Inji yana mutuwa, ban musa ba, kuma a ƙasarmu ƙura ce ke kashe shi tun kwanansa bai ƙare ba. Filtar da ake hurawa da iskar mai faci har takardarta ta yage, ko wadda aka huda da ƙusa wai don mota ta sha iska, ko ta jabu da ba ta zauna daidai a gidanta ba, duk ƙofa ce ga yashi, shi kuwa yashi a silinda aikin sanfefa yake yi. Amma akwai ma'aunin da ke raba gardama. Agogo ne mai tiyo, ana ɗaura shi a gurbin nozul ko na hitar ɗumama silinda, a juya inji, ya nuna matsin kowace silinda. In duk sun kai adadin da kamfani ya rubuta, ba kuma wadda ta yi wa 'yan uwanta nisa da fiye da kashi 10 ko 15 cikin ɗari, to a bar inji a inda yake. Kuɗin agogon bai kai na gasket da ringi na aiki ɗaya ba. A garin da ke da sashen koyar da aikin injiniya na Jami'ar Ahmadu Bello, da Cibiyar Fasahar Sufuri ta Ƙasa da ke hanyar Basawa tun 1986, bai kamata wannan agogo ya zama baƙo a gareji ba. Ƙungiyar makanikai ta kowace unguwa za ta iya sayen guda a riƙa karɓa-karɓa.

Da daminar da ta biyo baya wani maƙwabcin Kawu, da ya ji labarinmu, ya kawo Kantarsa wurin dattijon nan yana murna, shi ma yana sa ran tiyo ne. Ina wurin. Aka tambaye shi tashin asuba, ya ce sai an tura. Baƙin mai, ya ce galan ɗaya duk mako biyu. Aka aza murfin a bakin rami, bai yi daƙiƙa biyu ba ya yi tsalle ya faɗa ƙasa, hayaƙi na bin sa. Duk da haka dattijon bai ce komai ba sai da ya buɗe akwatinsa ya ciro agogon a cikin tsumma, ya bi silinda huɗun ɗaya bayan ɗaya, yaronsa yana rubuta lambobin da alli a jikin ƙofa. Biyu daga ciki ba su kai rabin sauran ba. Ya goge hannu, ya ce wa yaron ya ɗauko filtar iska, ya ɗaga ta saitin rana. Haske yana ratsowa ta wurare uku.

"Malam, wannan kam a sauke," in ji shi. "Amma in mun gama, ka daina kai filtarka wurin mai faci."